Kati Mai Lamba Sittin da Uku

Dakta Dalyop ya rubuta a allo ranar Talata:
"Ku je asibiti, ku bi majinyaci ɗaya
tun daga ƙofa har gaban likita,
ku ƙirga mintocin da ya ɓata.
Shafi goma. Maki ashirin.
Lissafi nake nema,
ban ce ku tausaya wa kowa ba."

Na bar Unguwar Rogo da duku-duku,
sanyin Jos ya cije mini yatsu
har biro ya ƙi zama a hannu.
Shida da minti goma ina bakin ƙofa.
Na zaɓi wani tsoho mai hular ulu,
jar ƙasar gona a dugadugansa,
kati mai lamba sittin da uku,
Baba Davou, daga wajen Vom.
Ban tambaye shi me ke damunsa ba,
fom ɗin bai bar wa ciwo gurbi ba.

Bencin farko: minti hamsin.
Tagar biyan kuɗi: na'ura ta yi gardama,
arba'in da biyar.
Ɗakin fayil: nan agogo ya gaji da ni.
Aka ce fayil ɗinsa ya yi ƙafa.
Ya kwance leda, ya ciro dafaffen dankali,
ya raba biyu, ya miƙo mini babban.
"Yarinya, ke ma jira kike?"
Na ce a'a, Baba, jiranka nake aunawa.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"To auna da kyau,
ni ban taɓa sanin tsawonsa ba."

A aji mun zana asibiti kamar bishiya a kife:
shugaba can sama cikin akwatinsa,
daraktoci, akanta, babbar nas,
kibiyoyi na gangarowa kamar ruwan indararo.
Na haddace salon shugabanci huɗu,
na ci jarrabawar kasafin kuɗi,
na san abin da dizal ke lashewa
da ɗan abin da ke saura wa auduga.
Amma wadda ta nemo fayil ɗin
Lantana ce, mai goge-goge.
Ta jingine tsintsiya, ta durƙusa,
ta zura hannu bayan kabad
inda suke faɗawa in iska ta buga ƙofa.
Shekara sha tara ta san wannan rami,
ba a taɓa kiranta taro ba.

Sha ɗaya da arba'in aka kira lambarsa.
Likita ya gan shi minti bakwai.
Ɗari uku da talatin, don bakwai.

Da dare wuta ta ɗauke.
Kangyang na minshari a gadon sama,
ƙanƙara na jifan kwanon rufi,
ni da fitilar waya muna jera alƙaluma.
Na cika jadawali yadda aka koya mini,
sannan hannuna ya yi abin kansa:
ya ƙara akwati ɗaya a ƙasan bishiyar,
ya rubuta sunan Lantana,
ya ja kibiya daga gare ta zuwa sama.
Wajen shawarwari na sa layi biyu kacal:
kafinta ɗaya, ƙusa huɗu, a toshe bayan kabad.
A riƙa tambayar mai shara.
Sauran shafin ban iya cika shi ba.

Bayan mako biyu takarda ta dawo
jina-jina da jan biro.
Sha uku cikin ashirin.
"Ba a sa sunan mutum a bincike.
Kibiya ba ta hawa sama."
Na naɗe ta zan cusa a jaka,
sai na hangi wani rubutu can ƙasa,
ƙanana, kamar mai jin kunyar kansa:
"Wane kabad? Ki same ni ofis."

Gobe zan je.
Jibi Baba Davou zai dawo karɓar sakamako,
kuma har yau ban biya shi rabin dankalinsa ba.